Ranar da gyaɗar Baffa Haruna ta sha ruwa

Tun kuna ƙanana kuke jin wannan labari a bakin kawunku Usmanu, kuma duk ranar da ya ba da shi sai ya ƙara masa gishiri. A sunan ɗan 'yar'uwarku Halima na ji shi da kunnena yana gaya wa surukai wai a duk ƙauyukan Jazira ba a taɓa yin ɗan wasa kamar ubanku ba, wai na sa gari dariya har wata tsohuwa ta faɗo daga kan kujera, wai kuma girman kai ne ya sa na bar wasan. Kuna ta dariya kuna waiwayena. Na yi shiru don taron mutane ne, kuma yayan uwarku ne. Amma shirun ya hana ni sakat. Usmanu ya fi ni lafiya, ya fi ni baki, in na riga shi tafiya nasa labarin ne zai zauna. Shi ya sa na ce gara in rubuta muku yadda abin ya faru.

Lokacin da mahaifina ya rasu bai bar mana hawasha ba, wato gonar da hukumar noma take ba manomi ya riƙe. Ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Ƙaninsa, Baffa Haruna, shi ke da hawasha, shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni gaban mufattish, jami'in da ke duba ruwa da gonakin yankinmu, ya ce ya tsaya mini. Haka na zama gafir, mai gadin ruwa, gemuna bai ma gama fitowa ba. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ruwa yana zuwa ta tur'a, babbar hanyar ruwa, daga nan akwai ƙofofi da ke sakin sa cikin ƙananan magudanai da muke kira Abu Ishrin, su ke kai shi gonaki. Da safe ka buɗe wa masu rabon ranar, kafin rana ta faɗi ka rufe, don ruwa ya taru a tur'a saboda gobe. An ba ni keke da mabuɗi, ƙarfe ne mai tsawon kamu guda. Wani zai yi aikin nan yana waƙa. Ni kuwa sai in rufe ƙofa, in hau keke, in kai rabin hanya, zuciyata ta ce anya ka murɗa ta har ƙarshe? In juya in koma. In tarar da ita a rufe ruf. Akwai ranar da na koma sau uku, har masu kiwo suka fara tambayata ko na yar da wani abu.

A wannan shekarun ne Usmanu, yana ɗinki a bakin kasuwa, ya je birnin Madani sayen zare ya ga ana masrahiyya, wato wasan kwaikwayo, ya dawo da ciwon a jikinsa. Ya tara mu shida a nadi, ɗakin samarin ƙauye mai rufin kwano. Ba mu da takarda, ba mu da rubutaccen labari. Usmanu zai faɗi farkon labari da ƙarshensa, tsakiyar kuwa kowa ya yi ta kansa. Maza ke ɗaura tob, lulluɓin matan ƙasar nan, su fito a mata. Labulenmu zanin gadon uwar Usmanu ne. Wuta ba ta iso mana ba a lokacin, don haka bayan la'asar muke yi a filin makaranta, mu tashi in an kira magariba. Ni riƙe labule aka kira ni, wata rana mutum ɗaya bai zo ba aka tura ni ciki. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so abin. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da zuciyata take daina tambayata ko na rufe ƙofa. Amma kun ga matsalar da kanku: lokacin wasa shi ne lokacin rufe ruwa. Sai muka yi yarjejeniya da Usmanu, kowane labari za a kashe ni da wuri. In faɗi, a ja ni bayan labule, in hau keke in nufi tur'a. Kunama ta kashe ni, lori ta taka ni, na faɗa rijiya, na sha maganin boka, sau biyu baƙin ciki ya kashe ni tun kafin a san abin da ya ɓata mini rai. Cikin wata uku gari ya sa mini suna Marigayi. Mata a bakin famfo sukan ce, Marigayi, an tashi lafiya?

Innata ba ta ga abin dariya a ciki ba. Tana gasa kisra, wainar dawa marar kauri, tana magana ba ta kallona.

"Ni ban haifi ɗa ba don a dinga kashe mini shi kowace Jumma'a. Su sauran ba su da uwaye ne? Mi ya hana a kashe Usmanu?"

"Inna, shi ne mai labarin."

"To shi mutu a labarinsa."

Baffa Haruna shi kam yana son wasan, bai taɓa fashi ba. Abu ɗaya yake gaya mini, yana kurɓar jabana, wato gahawa, a ƙofar gida:

"Yi wasanka, ɗana. Amma ka tuna bakina na ba mufattish. Ruwan mutane amana ne."

Sai na gaya muku wani abu game da Baffa, don in ba ku san shi ba ba za ku gane nauyin abin ba. Ubansa, kakana, da ƙafa ya taso daga yamma da niyyar Makka. Ya tsaya a nan ya tsinci auduga ta kaka ɗaya don ya sami guzuri, kaka ta zama shekara, shekara ta zama aure, a nan aka binne shi. Baffa ya ɗauki wannan tafiya a wuyansa. Kowace shekara sai ya ce, bana in gyaɗa ta yi zan ƙarasa wa tsoho hanyarsa. Wata shekara tsutsa, wata shekara ciwo, wata shekara aurar da ɗiya. A shekarar da nake ba ku labari gyaɗar ta yi. Duk wanda ya wuce hawashar sai ya tsaya ya ce masha Allah. An tuge ta, an shanya ta layi-layi a cikin gonar, saura kwana kaɗan a ɗauke. Har Baffa ya sa Usmanu ya ɗinka masa jakar tafiya.

A daidai lokacin Usmanu ya zo da sabon labari: wani gafir ne mai sayar da rabon ruwa, a ba shi kaza ya buɗe wa mutum ƙofa a ranar wani. Kuma ni zan fito a gafir ɗin. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ni gafir ne na gaske, ko ƙwai ban taɓa karɓa a hannun kowa ba.

"Ai nan daɗin yake, ya zol, mutumina! Kowa ya san ba ka yi, shi ya sa za su yi dariya. Kuma da mabuɗinka na gaske za ka shigo. Manoma ne, in munka kawo na katako za su gane."

"Mabuɗin hukuma ne, Usmanu."

"Hukuma ma tana zuwa. Na gayyato mufattish, kujerar gaba."

Kwana biyu ina juya maganar. A ƙarshe na yarda da sharaɗi ɗaya, na sa ya maimaita a gaban sauran: wannan karon ba mutuwa, manoma za su kama ni da kaza su kore ni daga gari, kuma za a yi korar kafin inuwar dalbejiyar makaranta ta taɓa katanga. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce kalas, an gama.

Ranar wasan da safe na buɗe wa maƙwabcin Baffa ruwa, alkamarsa sabuwar shuka ce, rabonsa ne har yamma. Ina bin bakin Abu Ishrin kamar yadda na saba, sai na ga ramin ɓera a jikin gaɓar da ta raba ruwan da gonar Baffa, ruwa yana ɗan tsatsowa. Na cika shi da laka, na tattake, na ƙara, na sake tattakewa. Na san irin wannan toshi yana riƙe wuni, ba ya riƙe fiye da haka in ruwa ya cika magudana. A nan ne nake yi wa kaina shari'a har yau. Da na rufe ƙofar da azahar kafin in tafi wasa, da ba abin da ya faru. Na tsaya da mabuɗi a hannu na yi ta tunani. Amma rabon mai alkama ne har yamma, in na yanke masa rabin wuni don in je in yi wasa, me ya raba ni da gafir ɗin da za mu yi wa dariya? Na bar ta a buɗe, na ce da an kore ni zan zo in rufe, ko da ɗan wuri ne.

Filin makaranta ya cika har kan katanga. Mufattish a gaba da farar jallabiya, Baffa a bayansa kaɗan. Wasa ya tashi da kyau, fiye da yadda muka taɓa yi, don kazar da aka ba ni ta gaske ce, ta kuɓuce ta shiga cikin mata, aka yi ta ihu. Ina wasa ina satar kallon inuwa. Da ta kusa katanga manoman wasa suka kama ni, na ɗaga mabuɗi na shirya gudu. Sai Usmanu, wanda ya fito a shehun gari da gemun auduga, ya dubi mutane ya ga yadda suke dariya, na ga idonsa ya canza. Na san wannan ido. Ya ɗaga sanda ya ce:

"Kada ku kore shi! Ɓarawon ruwa ba a korar shi. Ku ɗaure shi a kan angarib, a yi mishi shari'a gaban jama'a!"

Angarib ɗin, gadon igiya ne da muka aro don shehu ya zauna. Wanda ya ɗaure ni kuwa Hamidu ne, mahauci, mutumin da sana'arsa ɗaure bijimai. Ya yi mini ɗaurin da ya iya. Na ce wa Usmanu a hankali, inuwa ta kai. Ya sunkuyo kamar yana zagina ya ce, minti biyar, ya zol, dubi yadda suke. Aka kira shaidu. Kowa yana son ya nuna nasa, wanda ya fito a matata ya yi kuka ya yi birgima, wani ya kawo kazar a matsayin shaida aka yi mata tambayoyi. Inuwa ta hau katanga ta wuce. Ina ganin ramin ɓeran nan a idona kamar yana gabana. Na yi ta ja, igiya tana cin hannuna. Na auna: in na yi magana, mufattish yana zaune, aikina ya tafi, bakin Baffa ya zube. In na yi shiru, gyaɗa. Na buɗe baki da dukan ƙarfina.

"Ku sake ni! Wallahi ba wasa nake ba! Ƙofa a buɗe take, gaɓa za ta fashe!"

Filin ya ɗauka da dariya.

"Usmanu, don girman Allah! Baffa! Baffa Haruna, gyaɗarka! Ruwa zai shiga gyaɗarka!"

Wannan ita ta kashe su. Sun ga na kira sunan mutum na gaske a cikin taro, suka ce wannan gwaninta ce. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Larabci don mufattish, ya cire tabarau yana share hawaye. Na ga Baffa ya riƙe ciki, ya ɗago hannu ya yi mini ihu daga inda yake:

"Bar ta ta sha, ɗana! Ƙishirwa take ji!"

Na fashe da kuka, kuka na gaske, da majina. Aka yi tafi. Ita tsohuwar da kawunku yake cewa ta faɗo daga kujera, wannan gaskiya ne, ta faɗo. Usmanu kansa, da ya san yarjejeniyarmu, ya rantse mini daga baya cewa ya zaci na shiga wasan ne da gaske a karo na farko. Ba a kwance ni ba sai da ladan ya kira magariba, kuma sai da aka nemo wuƙa, don Hamidu ya kasa kwance ɗaurin kansa.

Ban tsaya neman takalmi ba. Da na isa, sauran hasken yamma yana kwance a kan gonar Baffa kamar a kan madubi. Gaɓa ta buɗe faɗin ƙofar ɗaki. Na rufe ruwa, na shiga na toshe da hannu da ƙafa, amma wanda ya shiga ya riga ya shiga. Layukan gyaɗa suna cikin ruwa, wasu suna yawo.

Kwana uku muna kwashe ta muna kaiwa tudu, da mu da 'yan wasan duka, har Usmanu, wanda bai ce uffan ba a kwanakin nan, abin da ban sake gani ba a rayuwarsa. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Sauran ta yi baƙi, wata ta tsiro a cikin ɓawonta. A rana ta biyu Baffa ya ja ni gefe, ƙafafunmu cikin laka.

"In mufattish ya tambaya, ɓera ne. Ai ɓera ne, ko ba shi ba?"

"Ɓera ne ya yi ramin, Baffa. Amma da na zo kan lokaci..."

"Ban tambaye ka da ba. Uwarka da wannan aiki take ci. Ka ce ɓera, ka rufe bakinka."

Na yi niyyar bin maganarsa, Allah ya sani. Na kwana biyu ina maimaita kalmar ɓera. Amma da na tsaya gaban teburin mufattish ya ce, gaɓa ce ta fashe ko, har ya ɗauki alƙalami zai rubuta, sai na ji bakina yana ba shi labari tun daga ramin har igiyar Hamidu. Ya ajiye alƙalamin.

"Wato duk ihun nan da gaske kake?"

"Da gaske, ranka ya daɗe."

"Ni kuma ina zaune ina tafi."

Ina jin abin da ya cece ni ke nan, don in ya rubuta cewa gafir ya bar ruwa, sai ya rubuta inda shi yake a lokacin. Ya ce ba zai kore ni ba, amma in zaɓa a nan take, mabuɗi ko masrahiyya, ba zai sake jin an haɗa su ba. Mabuɗin yana kan teburin tsakaninmu. Na tuna Inna da kisrarta, na tuna bakin Baffa. Na miƙa hannu na ɗauka. Na riƙe shi har ƙarfina ya ƙare, kuma ban sake shiga bayan labule ba, ko riƙe labulen ban sake yi ba. In ana wasa a filin makaranta ina jin dariyar daga bakin tur'a, iska tana kawo ta. Wannan shi ne girman kan da kawunku yake faɗa. Ya yi wata guda yana bina, wai yanzu da gari ya san ni zan gudu, wai a garin Rufa'a ma an ji labari ana so mu je. Na ce masa a Rufa'a wa zai rufe mini ƙofa? Bayan shekara biyu na auri ƙanwarsa, na ɗauka magana ta mutu. Ashe na auro ta ne har cikin gida.

Na je na durƙusa gaban Baffa na ce ya yafe mini. Yana gyara jakar tafiyar nan, ya zuba irin kuɓewa a ciki ya rataye.

"Mi zan yafe? Da kunnena na ji ka kana kiran sunana, kana gaya mini gyaɗata na nutsewa. Na ce a bar ta ta sha. Duk gari shaida ne. In zan yi fushi, da wa zan fara?"

Bai tafi ba a shekarar, bai kuma tafi ba bayanta. Inna takan ce in daina cin kaina, wai ko gyaɗar ta tsira da wani dalilin ya fito, mutumin da ya shekara ashirin yana cewa bana. Wataƙila gaskiyarta. Amma ni na ga jakar da aka ɗinka, kuma a sauran shekarun ban ga ya sa an ɗinka wata ba. Ba ni da hanyar sani, kuma rashin sanin ne ya fi damuna. Kun sha yi mini dariya in rana ta karkata na tashi ina zagaya gida ina murɗa famfo. To ga inda abin ya samo asali.

Saura abu ɗaya, wanda Usmanu bai sani ba, don ba ya nan. Da Baffa ya kwanta ciwon ajali, Halima tana goye a lokacin, nakan biya in gaishe shi bayan la'asar kafin in wuce tur'a. Wata rana na same shi a kan angarib a inuwar gida, ya rame har ba ya iya ɗaga kofi. Ya ce in matso.

"Marigayi."

"Na'am, Baffa."

"Yi mini wannan na ranar. Ku sake ni, ku sake ni."

Na ce Baffa, don Allah, ka bar wannan magana. Ya ce shi ke kwance, shi ke da iko. Na duba babu kowa a tsakar gida sai kaji. Na ajiye mabuɗi, na zauna a ƙasa, na mayar da hannuwana baya kamar an ɗaure, na yi masa. Na yi ihun, na kira sunansa, na ce ruwa zai shiga gyaɗarsa. Na sa duk abin da na koya a nadi. A rayuwata wannan ne kaɗai karon da na yi wasan nan a matsayin wasa. Ya kalle ni har na gama, bai ko murmusa ba. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ba ka iya ba," in ji shi. "Na ranar ya fi. Tashi ka je ka rufe wa mutane ruwa, rana ta yi."